Yadda Ake Gane Darajar Kwandalar Dalar Amurka Mai Ruwan Zinare

Ɗan yayata ne ya turo mini hoto ta WhatsApp bayan sallar isha. Wata kwandala ce rawaya a tafin hannunsa, da fuskar wani Bature mai farin gashi, a ƙasa an rubuta 1789-1797. A aljihun wata kwat da ya saya wajen 'yan gwanjo ya tsince ta. Sai ga saƙon murya: "Kawu, don Allah duba min wannan. An ce gwal ce, kuma ta haura shekara ɗari biyu. Akwai wanda ya ce in ba shi dubu goma ya haɗa ni da mai saye a waje."

Na ce masa kar ya ba kowa ko sisi sai mun gama dubawa. Abin da muka bi a daren shi ne zan jero a nan, domin irin wannan kwandala tana yawo a hannun mutanenmu, wasu tsarabar wanda ya dawo daga Amurka, wasu tsintuwa a kayan gwanjo. Kusan dukkansu dala ɗaya ce darajarsu, ba ƙari. Akwai 'yan tsiraru da ake saye da dubban daloli, kuma suna da alamomin da ido ke iya gani. Kayan aikin da kake bukata: haske mai kyau, gilashin ƙara girman abu ko kyamarar waya mai jawo hoto, rula, da ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal.

Mataki na farko: ta wace ƙasa ce?

Ba Amurka kaɗai ke da dalar ƙarfe rawaya ba. Ta Kanada, wadda aka fara bugawa a 1987, tana da kusurwa goma sha ɗaya da hoton wani tsuntsun ruwa a baya. Ta Ostareliya, tun 1984, tana ɗauke da dabbar kangaru. Ta Amurka zagayayya ce, kuma za ka ga an rubuta UNITED STATES OF AMERICA a ɗaya daga fuskokinta, tare da ONE DOLLAR ko $1. In ba ka ga wannan ba, sauran bayanin nan ba naka ba ne.

Mataki na biyu: cire batun gwal daga ranka, sannan ka auna

Babu ko ƙwayar zarra ta zinare a dalar da aka buga don kashewa daga shekarar 2000 zuwa yau. Cikinta jan ƙarfe ne zalla, an lulluɓe shi sama da ƙasa da wani haɗin tagulla. In aka tattara duka, kashi 88.5 cikin ɗari jan ƙarfe ne, kashi 6 tutiya, kashi 3.5 manganis, kashi 2 nikel. Ko narka ta ka yi, 'yan santi kawai za ka samu.

Launin yana da dalili. A 1979 Amurka ta fito da dalar ƙarfe fara mai hoton Susan B. Anthony, sai ta zo kusan girma ɗaya da launi ɗaya da kwandalar santi 25. Mutane suka riƙa miƙa dala a madadin kwata, suka tsane ta. Da aka zo sake gwadawa, sai aka bar girman yadda yake domin injinan sayar da kaya su ci gaba da karɓa, aka sauya launi aka kuma share zanen gefe, don a bambance ta ko a cikin duhu.

Ɗora taka a sikeli. Nauyin ta gaskiya giram 8.1 ne, faɗinta milimita 26.5, kaurinta milimita 2. Zinare ya ninka jan ƙarfe nauyi fiye da sau biyu, saboda haka da gwal ce mai wannan girman da sikelin ya wuce giram 16. Kar ka ɓata lokaci da maganaɗisu: ba ya kama zinare, ba ya kama wannan ma, don haka bai raba gardama ba. Kar kuma ka yarda maƙerin gwal ya goga ta a dutse ko ya ɗiga mata ruwan gwaji. In ta kasance cikin masu tsadar ce, garin neman gira ka rasa ido.

Don kar wani ya ruɗe ka da rabin gaskiya, akwai na zinare na haƙiƙa, amma ba sa faɗowa aljihun gwanjo. A 1999 an buga 39 na gwal mai karat 22 da hoton da ke kan dalar 2000, aka narkar da sauran aka bar 12, waɗanda aka tura sararin samaniya cikin kumbon Columbia a watan Yulin shekarar, daga baya aka adana su a Fort Knox, ma'ajiyar zinaren gwamnatin Amurka. Akwai kuma jerin kwandalolin matan shugabannin ƙasa, rabin oza na gwal, amma su $10 aka rubuta a jikinsu. Tsohuwar dalar zinare ta 1849 zuwa 1889 kuwa 'yar mitsitsiya ce, ba ta kai giram biyu ba.

Mataki na uku: wace iri ce a cikin huɗun?

In ka ga mace tana waiwaye da jariri goye a bayanta, Sakagawiya ce, ana rubuta sunan Sacagawea in za ka nema a intanet. 'Yar ƙabilar Shoshone ce da ta yi wa tawagar Lewis da Clark tafinta a tafiyarsu ta 1804 zuwa 1806, jaririn kuma ɗanta ne Jean Baptiste. Glenna Goodacre ce ta zana fuskar. Juya bayan. In mikiya ce tana shawagi, kwandalar ta 2000 zuwa 2008 ce. In wani hoto ne daban, to tana cikin jerin tunawa da 'yan asalin Amurka da aka fara a 2009, wanda ake sauya bayansa duk shekara. Ta farkon ta nuna mace tana shuka masara da wake da kabewa.

In namiji ne a gaba, mutum-mutumin 'yanci na New York a baya, to jerin shugabannin ƙasa ne. An fara da George Washington a 2007, huɗu a shekara, aka kai Ronald Reagan a 2016, sannan aka ƙara George Bush babba a 2020. In kuwa mutum-mutumin ne a gaba, a baya wata ƙirƙira ko wani mai ƙirƙira, to jerin ƙere-ƙeren jihohi ne da aka fara a 2018, wanda aka tsara zai kai 2032.

Mataki na huɗu: nemo shekarar gaskiya da harafin ma'aikata

A nan ɗan yayata ya yi tuntuɓe, kuma a nan mafi yawan mutane ke yi. Shekarun da ke ƙasan hoton shugaba shekarun mulkinsa ne. 1789-1797 zamanin Washington ke nan a kan mulki, kwandalar kuwa a 2007 aka buga ta. Ta Abraham Lincoln mai 1861-1865 bugun 2010 ce. Ta John Kennedy mai 1961-1963 bugun 2015 ce.

Shekarar bugu tana gefe. Riƙe kwandalar a tsaye tsakanin babban yatsa da manuniya, ka riƙa juya ta a hankali a ƙarƙashin fitila. Za ka ga shekara, da harafi guda, da E PLURIBUS UNUM. A na 2007 da 2008 har da IN GOD WE TRUST a gefen, kafin a mayar da shi fuska a 2009. Na jerin 'yan asali daga 2009 da na ƙere-ƙere su ma a gefe shekararsu take. Sakagawiya mai mikiya ce kaɗai shekararta ke fuska, kusa da haɓar matar, da harafin a ƙasan shekarar.

Harafin yana nuna inda aka buga: P Philadelphia, D Denver, S San Francisco, W West Point. Masu S bugu ne na musamman don masu tara sulalla, filinsu na sheƙi kamar madubi, hoton kuma dishi-dishi. In suna cikin mazubinsu na asali sukan kai 'yan daloli. W ba ta nufin gwal, domin a 2015 an buga dalar tagulla a can don masu tarawa.

Yanzu ga lissafin da ke kashe zumuɗi. A shekarar 2000 kaɗai Philadelphia ta buga Sakagawiya fiye da miliyan 767, Denver fiye da miliyan 518. Ta Washington ta 2007 ta haura miliyan 340. Amurkawa suka ƙi rabuwa da dalar takarda, kwandalolin suka taru a rumbunan babban banki har suka wuce biliyan ɗaya, shi ya sa a watan Disambar 2011 gwamnati ta dakatar da buga na shugabanni don kashewa. Abin da aka buga ɗaruruwan miliyoyi ba ya tsada don ya tsufa da shekara ashirin.

Masu ɗan dama-dama su ne waɗanda ba a saki kasuwa ba: Sakagawiya ta 2002 zuwa 2008, shugabanni daga Chester Arthur a 2012 zuwa gaba, da na ƙere-ƙere. 'Yan miliyoyi ake bugawa a sayar wa masu tarawa. Sabuwa fil daga cikinsu kan wuce dala ɗaya da kaɗan. In ta sha hannu, ta koma dala ɗaya.

Mataki na biyar: farautar kuskure

Kuɗin yana nan, in akwai shi. Ka dube ta da natsuwa, ka kuma yi wa kanka adalci, domin mai son ganin abu yakan gan shi ko babu.

Fara da mafi tsada, wadda kuma ta fi sauƙin ganewa. A shekarar 2000, a Philadelphia, an yi kuskuren haɗa hatimin fuskar kwata (ƙarfen da ke buga hoto a jikin kwandala) da hatimin bayan dala. Sai aka samu kwandala rawaya mai girman dala, a gaba kan Washington ta gefe yana duban hagu da rubutun QUARTER DOLLAR, a baya mikiya da ONE DOLLAR. Ba ta da shekara ko kaɗan, don fuskokin da ke ɗauke da shekara a kwandalolin biyu su ne aka bari. A jihar Arkansas aka fara tsintar ta a watan Mayun 2000, kuma waɗanda aka sani ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. An sayar da ɗaya dala 192,000 a gwanjo a 2018. Kama da wane ba ta wane: ta ɗan yayata ma Washington ne, amma yana fuskantar mai kallo, bayanta kuma mutum-mutumin 'yanci ne. Akwai kuma kwata ta yau da kullum da aka tsoma a ruwan gwal. Ita ƙarama ce, milimita 24.3, giram 5.67, gefenta da zane-zane kamar haƙoran zarto.

Ta biyu ita ce dalar Cheerios, kuma tana bukatar gilashi. A farkon 2000, don tallar sabuwar dala, kamfanin General Mills ya saka kwandaloli 5,500 a kwalayen abin karin kumallonsa mai suna Cheerios. An buga su tun a 1999, kafin a kammala gyaran hatimin baya. Sai a 2005 masu tarawa suka tabbatar cewa jelar mikiyar ta bambanta. Duba gashin jelar: a ta kowa da kowa gashin sumul yake, ba wani zane sosai a cikinsa. A ta Cheerios kowane gashi yana da jijiya a tsakiya da ta ɗan taso, da ƙananan layuka a karkace hagu da dama, kamar gashin tsuntsu na gaske. Dole shekarar ta zama 2000 da harafin P. Wadda aka tabbatar tana kai dubban daloli. Buɗe hoton ta gaskiya a shafin PCGS ko NGC, kamfanonin da ke tantance sulalla, ka ajiye kusa da taka, gani ya kori ji. Ka sani kuma ba duk wadda ta fito daga kwalin ce ke da wannan jelar ba.

Ta uku, mai mikiya mai rauni, ita ma 2000-P ce. Wani abu ya karce hatimin, sai layi ya fito a ƙirjin mikiyar zuwa cikinta kamar an soke ta da mashi. Ga yadda za ka raba ta da karcewar banza: rauni a hatimi yana fitowa a tashe a kan kwandala, kamar jijiya a bayan hannu. Karcewar makulli ko ƙusa a aljihu rami take yi. Haska fitilar waya daga gefe, inuwa za ta nuna maka. Mai kyan jiki tana kai ɗaruruwan daloli.

Ta huɗu, mai gefe babu rubutu. Rubutun gefen na shugabanni a wani inji daban ake yinsa bayan an buga fuskokin, kuma a 2007 dubun dubatar na Washington sun tsallake injin. Da yake sunan Allah a gefen yake, sai 'yan jarida suka laƙaba musu "dala marar Allah". Na farko-farko an saye su da ɗaruruwan daloli, da aka ga yawansu farashin ya faɗo zuwa 'yan gomomi. A na John Adams an samu waɗanda suka bi injin sau biyu, rubutu kan rubutu. Tarko uku ne a nan. Sakagawiya ta 2000 zuwa 2008 dama can gefenta sumul yake, ba kuskure ba ne. Rubutun gefe da ya zo a kife shi ma ba kuskure ba ne, kwandalolin suna faɗawa injin ne ta kowace fuska. Sannan akwai masu goge rubutun da magagari su sayar. In faɗin ya gaza 26.5, ko nauyi ya ragu, ko gefen ya yi wani sabon ƙyalli da layukan guga, hannun mutum ne.

Akwai wata da ake yawan ambata: Goodacre ta nemi a biya ta ladan zanenta, dala 5,000, da kwandalolin kansu, aka buga mata su da wani sheƙi na daban. Suna da tsada, amma a cikin mazubin roba mai shaida suke yawo.

Waɗanda kamfanoni masu zaman kansu suka shafa wa ruwan gwal ko fenti, suka sa a akwati da takardar "shaida", masu tarawa na ɗaukarsu a matsayin ɓatattu. Dala ɗaya ce.

Mataki na shida: lafiyar jikinta

Ana auna kyan kwandala da maki daga 1 zuwa 70. Daga 60 zuwa sama ita ce wadda ba ta taɓa yawo a hannu ba. A irin waɗannan daloli, wadda ba ta da kuskure sai ta kai can ƙololuwa, wajen 68, kafin a yi maganar kuɗin kirki, kuma wadda ta kwana a aljihu tare da makullai ta fita daga wannan sahun har abada.

Wannan haɗin ƙarfen yana saurin dusashewa, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa kamar tsohuwar tasa. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin a goge ta da toka, lemun tsami ko man goge haƙori. Kar ka yi. Gilashin mai saye yana nuna layukan guga nan take, kuma gogaggiya ta fi dusasshiya faɗuwa. Riƙe ta ta gefe, ka sa ta ita kaɗai a 'yar takarda busasshiya, nesa da laima.

Mataki na bakwai: farashin da aka biya, ba wanda aka sa ba

Bidiyoyin TikTok da Facebook masu cewa dalar da ke aljihunka ta kai miliyoyi, daga tallan masu sayarwa suke ɗauko alƙalumansu. Kowa na iya ɗora dala ɗaya a eBay ya rubuta dubu hamsin, babu mai hana shi, babu kuma mai saye. Rubuta shekara da harafi da sunan kwandalar, sannan ka danna zaɓin "Sold items", wato waɗanda aka riga aka sayar. Duba goma ko fiye masu kama da taka, ka ɗauki na tsakiya. Ga masu tsada, gidajen gwanjo irin su Heritage Auctions da Stack's Bowers suna ajiye tarihin cinikinsu da hotuna.

Mataki na takwas: a kai ta tantancewa ko a bari?

Babu mai biyan dubban daloli kan hoton waya, cinikin biri a sama ke nan. Sai PCGS ko NGC sun duba, sun ba ta maki, sun rufe ta a roba mai lamba. Aikin yana cin gomman daloli kan kowace ɗaya, ban da rajista da kuɗin aikawa da inshora zuwa da dawowa. Ni a ganina, daga nan gida, mai fuskar kwata da ta Cheerios ne kaɗai ke biyan wannan wahalar ba tare da dogon lissafi ba. Mai gefe babu rubutu, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Kafin ka aika, ɗauki hotuna masu kyau na gaba da baya da gefe, da ɗaya tana kan sikeli, ka nuna wa dillalin sulalla da ke cikin jerin waɗanda kamfanonin biyu suka amince da su. In kana da ɗan'uwa a Amurka, ya kai ta shago da hannunsa ya fi.

Duk wanda ya ce zai saya amma sai ka fara turo kuɗin rajista, na kwastan ko na lauya, ɗan damfara ne. Mai saye shi ke biya.

In ta tabbata ta kowa da kowa ce

Kuɗi ne halastacce a Amurka, ana kuma kashe ta sosai a Ekwado da El Salbado, ƙasashen da suka koma amfani da dala a 2000 da 2001. A can har ta fi samun karɓuwa fiye da a Amurka, shi ya sa ake ganin waɗanda suka side sumul, da jabu ma a cikinsu. A wajenmu kuwa 'yan canji takarda suke so, da wuya ka samu mai karɓar ƙarfe a Wapa ko a Zone 4, domin ba shi da inda zai kai ta. Mafita ita ce ka ba mai tafiya ya ba ka canjinta, ko ka ajiye abarka.

Ta ɗan yayata, washegari ya kai ta shagon wata mai sayar da gwal a unguwarsu, sikeli ya nuna 8.1. Ya juya gefen a hasken rana ya karanto mini: 2007, harafin D, rubutu cikakke. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Kawu, ita kwat ɗin dai ta yi min daidai." Dubu gomansa na aljihunsa, kwandalar kuma tana cikin gwangwanin da mahaifiyarsa ke ajiye tsofaffin kwabbai masu huji.